Kafin a Ɗaura wa Hilux Ƙatuwar Taya, a Ɗauko Kalkuleta

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya san irin motocin nan na Amurka: Ford F-150 ko Ram an ɗaga ta sama, an zuba mata tayoyi masu inci 35 ko 37, har sai direba ya yi dabara kafin ya hau. To yayin ya iso garuruwanmu tuni. Mu a nan Hilux ce a-kori-kurar da ta fi farin jini, ita kuma ake yi wa wannan ado: a ɗaga ƙafafunta, a sa mata wili mai leƙowa waje, a ɗaura taya mai manyan haƙora. Tana wucewa ta bakin get za ka ji samari suna cewa, "Kai, motar nan ta haɗu!"

'Yan uwana ɗalibai, ra'ayina a kan wannan lamari a fili yake. Zaɓen taya da wili ga motar da aka ɗaga aikin lissafi ne, kuma ɗalibin poli ne ya kamata ya zama mai yin lissafin a duk garejin da ya tsinci kansa. Da yawanmu muna zuwa SIWES a gareji, wasu kuma da mun karɓi ND ko HND wurin gyaran mota za mu buɗe. Waɗanda ba sa karanta injiniyanci ma maganar ta shafe su, don mu ne dai ake lodawa a bayan irin waɗannan motoci ranar kamfen ko ranar biki, mu ne kuma ke kan acaɓa da Keke Napep a gabansu.

Mu fara da abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ɗaga ƙafafun mota yana ɗaga bodi da shasi ne. Amma akisul ɗin baya na Hilux, da wannan ƙullutun giya da ke tsakiyarsa wanda kanikawa ke kira difarenshiyal, a kan tayoyi suke zaune. Ko ka ɗaga motar inci shida, ƙullutun nan yana nan inda yake, kuma shi ne zai fara dukan dutse ko ya kafe a laka. Abu ɗaya ne ke nesanta shi da ƙasa: tsayin taya. Ke nan amfanin ɗagawar shi ne ta samar da fili a saka taya mafi tsayi. Sai mu tambaya, nawa ne ainihin ribar?

Ga lissafin, ko a bayan handawut za ka iya yin sa. Yawancin Hilux na zamani da taya 265/65R17 suke zuwa. Lamba 265 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, wato milimita 172. Lamba 17 kuma girman wili ne a inci, wato milimita 432. Haɗa gefe biyu da wili, za ka samu kusan milimita 776. Yanzu ɗauki 285/70R17, wadda masu ɗaga mota ke yawan so. Da wannan hanyar za ka samu kusan milimita 831. Bambancin milimita 55 ne, amma rabinsa ne kawai ke ƙarƙashin akisul. Ribar da aka ci milimita 27 ce, inci ɗaya da ɗan ɗoriya. Duk wannan kuɗi da hayaniya a kan inci ɗaya ne fa.

To me aka biya kafin a samu incin? Sabuwar tayar ta fi ta asali girma da kashi 7 cikin 100. Maleji kuwa juyawar taya yake ƙirgawa, bai san an canza ta ba. Idan ya nuna 100, gudun gaskiya ya kai 107. Idan ya nuna 120, ana kan 128. Kilomitocin da yake tarawa ma za su ragu da kusan wannan kaso, sai lokacin juyen mai ya wuce mai mota bai sani ba. Ƙarfin da ke isa ƙasa daga inji shi ma ya ragu da kusan hakan, shi ya sa motar ke nauyin tashi, kuloci na shan wahala a hawa, shan mai ya ƙaru. Burki kuma yanzu zai tsayar da taya mafi tsayi da nauyi, da dai fayafayan da kamfani ya auna wa ƙaramar taya. A hanyar da akuya ko yaro ke iya faɗowa titi kowane lokaci, ƙarin taku biyu kafin tsayawa ba wasa ba ne.

Akwai kuma batun kifewa. A shekarar 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta yi wa sabuwar Hilux gwajin kauce wa dabba, wato direba ya murɗa sitiyari da sauri ya sake dawowa layinsa. A gudun kusan kilomita 60 a awa, tayoyin gefe ɗaya suka bar ƙasa, saura ƙiris motar ta kife. Daga baya Toyota ta yi gyara a kan hakan. Wannan fa mota ce yadda ta fito daga kamfani, ba a taɓa ƙafarta ba. Duk wanda ya zauna a ajin makaniks ya san abin da ke faruwa idan aka ɗaga cibiyar nauyin abu sama. Yanzu ƙara mata inci uku ko huɗu, sannan ka tsayar da mutum goma sha biyar a baya suna ihu da tuta. Allah Ya kiyaye.

Sai wili. Nan ne aka fi yin saye da ido. Hilux tana da noti shida, a kan da'ira mai milimita 139.7, ramin tsakiya kuma milimita 106.1. Akwai wasu motocin masu noti shida da wannan da'ira amma ramin tsakiyarsu daban, don haka shigar noti ba ita ce shaidar wili ya dace ba. Bayan wannan akwai lambar da ake bugawa a cikin wili da haruffan ET, wadda ke nuna inda fuskar ɗauri take daga tsakiyar wilin. Na asali a Hilux mai inci 17 yana wajajen ET30. Idan ka sa mai ET0 mai faɗi iri ɗaya, ka turo tayar waje da milimita 30. Idan lambar ta koma ƙasa da sifili, ta ƙara fitowa. Ɗan turowa kaɗan na iya zama dole don babbar taya ta daina gogar ƙarafan ciki. Amma idan aka wuce gona da iri, nauyin motar ya bar saitin boris, sai boris da bol joyin su riƙa mutuwa da wuri, sitiyari ya riƙa fizga a rami, tayar ta riƙa cin madigadi idan an karya kwana. Kuma tayar da ta leƙo waje da bodi tsakuwa da taɓo take watsa wa ɗan acaɓan da ke biye.

Haka masu sa wili mai inci 20 ko 22 da siririyar taya. A kan titin da ba rami, sai a ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A namu titunan gefen taya shi ne katifar farko da ke shanye duka. Idan aka rage shi, rami ɗaya zai lanƙwasa wilin ko ya fitar wa tayar da ƙari a gefe. Wanda ya ɗaga mota don shiga daji sannan ya sa mata wili 22, ya yi tufka da warwara. Inci 17 da taya mai gefe sosai ya fi dacewa da mu.

Irin haƙoran tayar ma a duba. Akwai HT ta kwalta, AT mai haɗa kwalta da burji, da MT ta laka. MT ce mai ban tsoro a ido, amma tana da ƙugi, tana da nauyi, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta kama ƙasa kamar sauran. Mutumin da rayuwarsa daga gida sai ofis sai ƙauye ranar Asabar, AT ta ishe shi. A duba lambar ɗaukar kaya: 112 na nufin kilo 1,120 kowace taya, kada a sauka ƙasa da abin da kamfani ya sa. Tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, safaya ma haka, musamman a mota mai jan ƙafa huɗu. Mutane da yawa sukan canza huɗu su bar tsohuwar safaya, sai ranar faci a daji su gane kurensu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Babbar taya sabuwa tana da tsada, tunda daga waje ake shigo da ita. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a Legas a 2008. Sai mai mota ya ƙarar da kuɗinsa a ɗagawa da wili mai sheƙi, in an zo kan taya ya ce a nemo masa 'yar Beljiyam. Alhali tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su, hukumar FRSC ma ta sha yin gargaɗi a kansu. A gefen kowace taya, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da haƙoranta na nan, zafin Maris da Afrilu kuwa ba ya raga mata. Fashewar tayar gaba a mota mai tsayi tana gudu, kowa ya san ƙarshen labarin. Gara sabuwar taya girman asali da tsohuwa ƙatuwa, ko nawa aka rage maka.

Na san wani zai ce, "Malam, ka taɓa bin hanyar garinmu da damina kuwa?" Gaskiya ne, akwai masu buƙatar tsayin nan: manoma, masu kai magani da rigakafi ƙauyuka, masu aikin rijiyar burtsatse. Ba na cewa kada a taɓa mota. Irin waɗannan, ɗagawa ta inci biyu da taya 265/70R17 takan wadatar. Ta fi ta asali da kusan kashi 3 cikin 100 kawai, maleji bai yi nisa da gaskiya ba, shaf ɗin gaba ma bai karkace sosai ba. Bayan aikin a yi alaimen, a sauke saitin fitilun gaba don kada su kashe wa masu tahowa ido, a juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama a tabbatar ba inda ke goga.

Wani kuma zai ce mota tasa ce, kuɗi nasa ne, in ka ƙi yi masa garejin gaba zai tafi. Haka ne, zai iya tafiya. Amma titin ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma idan abin ya faru, tambayar farko ita ce wa ya yi aikin. Ba sai ka yi wa kwastoma ko oganka tsaurin ido ba. Ɗauko biro ka ce, "Yallaɓai, ga abin da za ka samu, inci ɗaya. Ga kuma abin da za ka rasa a burki da mai da boris." Mafi yawan mutane idan suka ga lamba a takarda sukan sassauto, don ba wanda ke son asarar kuɗinsa.

Mai faci na bakin titi ya fi mu iya cire taya, wannan ba musu. Abin da aka turo mu poli mu koyo shi ne dalilin da ya sa wannan tayar ta dace, waccan ba ta dace ba. Ina kira ga ƙungiyar ɗaliban sashen injiniyanci da ta ware rana guda a zangon nan, a fito filin ajiye motoci da tef da ma'aunin iska, a koya wa kowa karanta gefen taya, har direbobin bas ɗin makaranta. Awa biyu sun isa, ba kuma sai an nemi kasafi daga SUG ba.