Ban ruwa a Nguru da Gashuwa: a fara buɗe wa ruwan hanya

Duk lokacin da aka tashi taimakon manoman rani a arewacin Yobe, injin ban ruwa ake fara rabawa. Ba na raina inji. Na tashi na tarar da kawuna yana jan jigo a bakin kogi a Gashuwa tun asuba, kafin ya gama shayar da fangalin albasa da barkono kafaɗarsa ta mutu. Injinan da shirin Fadama ya yaɗa a shekarun 1990 sun hutar da irinsa ƙwarai. Sai dai ban ruwa ba da ruwa ne, kuma mutum ba ya ba da abin da bai iso gare shi ba.

Ruwanmu daga nesa yake tahowa. Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano, na Jama'are daga tsaunukan Jos. A da, kogin Haɗeja kan tumbatsa da damina ya malale fadamu, da rani kuma ya ƙafe. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Calawa a 1992, sai aka riƙa sakin ruwa har da rani saboda birnin Kano da manyan gonakin Kadawa da kwarin Haɗeja. Ambaliyar da mai shinkafa da masunci da makiyayi ke jira ta ragu, magudanan kuma suka daina bushewa. Abin da ciyawar kacala ke so ke nan. Ta cika su maƙil, ta tare yashi da laka, har tsohuwar hanyar kogin da ke gangarowa Gashuwa ta toshe. Ruwa kuwa ba ya rasa wurin bi: ya karkata ta magudanar Marma zuwa tafkin Nguru, ya kwanta a gonakin mutane. A cikin kacalar nan tsuntsun jan baki ke kwana, da safe ya faɗa wa shinkafa da gero.

Abin da ke ci mini rai shi ne ciwo ɗaya ne ke damun garuruwan biyu. Na wajen Nguru na kukan ruwa ya ci gona, na wajen Gashuwa na ƙasa kuma kusan da Jama'are kaɗai suka dogara. Shi ya sa duk sanda aka ta da maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are a Bauchi hankalina ke tashi, domin wannan kogin ne ya rage mana yana tafiya yadda Allah Ya sake shi.

Duniya ta san darajar wurin nan. Tun shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, a 2006 kuma jihohin da ke shan kogunan suka amince da kafa asusun kula da su. Ƙauyuka sun sha yin gayya da lauje da kwalekwale suna yankan kacala, amma ta fi ƙarfin aikin hannu.

Roƙona ga gwamnatocin Yobe da Jigawa da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are: a sa yashe magudanai cikin kasafin kowace shekara, kuma ranar da za a tsara sakin ruwan Tiga da Calawa, a zauna da manoma da masuntan Nguru da Gashuwa.