Katin Wasa Na Sama Da Miliyan Guda: Ya Dace Da Mu A Gabi Kuwa?

Masu bin bidiyon wasanni a YouTube da TikTok sun san sunan RTX 5090, katin hoto da kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar a watan Janairun 2025. Shi ne ake sa wa cikin kwamfutar tebur don ya zana hoton wasa. Har mun fara jin wasu samari na cewa da za su samu kuɗi, shi za su saya su buɗe gidan wasa. To, mu tattauna.

Gaskiya abin yana da ƙarfi, ba ma musu. Ma'ajiyarsa gigabait 32 ce, hoto na fita tar, ba tsayawa ba sarƙewa. Mai haɗa fim ko bidiyon biki, irin masu aiki a Kano da Maraɗi, zai gama aiki da wuri ƙwarai. Wannan kam kayan sana'a ya saya.

Amma farashinsa na kamfani dala 1,999 ne, wato sama da miliyan guda na sefa, tun kafin a biya kuɗin ɗauko shi da na duwan. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi jaka 42 ne a wata, ma'aikaci sai ya haura shekara biyu yana tarawa bai ci bai sha ba. Kuma katin kaɗai ke nan fa, ba sauran kwamfutar.

Babbar matsalar ma wuta ce. Katin shi kaɗai yana jan wat 575, kamfanin kuma ya ce a haɗa shi da na'urar wuta mai wat 1,000. Mu yi lissafi: in kwamfutar duka tana cin wat 800, awa huɗu da dare ta cinye sama da kilowat-awa uku. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200 abin da yake riƙewa 2.4 ne, kuma irin na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Batir uku ke nan don kwamfuta guda, mutum guda na wasa, sauran na kallo. In kuma wutar NIGELEC za a dogara da ita, ai ba mu manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke ba mu wuta.

Duk wutar da ya ja kuwa, zafi take komawa. Ku auna ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga injin yana hura nasa. Lokacin hunturu kuma ƙura ta toshe fankokinsa. In ya lalace, wa zai gyara? Sai dai a bi ta Ɗan Isa da Jibiya a kai shi Kano, ba tabbas.

Mu dai a ganinmu, mai son gidan wasa ya bar wannan kati. PlayStation 5 ta fito a 2020 kan dala 499, a wancan farashin kuɗin katin guda ya kai na guda huɗu, kowace tana cin wat kusan 200. Yara takwas za su zauna su buga ƙwallo lokaci guda, kowa ya biya kuɗinsa. Yaran da suka saba da Free Fire a ƙaramar waya ba za su tambaye ka wane kati ne a ciki ba.