Yaron Da Muke Kira Daƙiƙi

Kowace shekara idan muka karɓi 'yan aji ɗaya, ba a rasa yaro guda ko biyu da in aka ce su tashi su karanta sai gumi ya karyo musu. Da baki yaron nan yana amsa tambaya daidai, wajen gyaran keke kuwa ba a kama ƙafarsa, amma layi ɗaya na littafi sai ya yi ta tuntuɓe. Maganin da muka saba ba shi sananne ne: bulala, durƙuso a gaban aji, sannan a rubuta a katinsa cewa ba ya mai da hankali. Mu da kanmu mun yi haka, ba sau ɗaya ba.

Akwai masana da aikinsu shi ne binciken yadda ƙwaƙwalwar yaro ke sarrafa magana, tunawa, natsuwa da karatu. Ɗaya daga cikinsu ita ce Martha Denckla, likita 'yar Amurka, wadda ta yi karatun likita a Jami'ar Harvard, ta kuma sami horo a wurin Norman Geschwind a birnin Boston. Geschwind ya taɓa nazarin wani babban mutum da ciwon ƙwaƙwalwa ya raba shi da iya karatu, kuma yana ganin launi amma ya kasa faɗin sunansa. Sai Denckla ta gwada wannan a kan yara masu wahalar karatu. Abin da ta gano shi ne sun san sunayen launukan sarai, jinkiri ne kawai suke yi kafin sunan ya fito.

Daga nan ita da Rita Rudel suka tsara wani gwaji da suka wallafa a 1974 da 1976. Takarda ce mai abubuwa 50, layi 5, kowane layi 10: launuka, ko haruffa, ko lambobi, ko hotunan kayan gida. Yaro ya faɗi sunayensu da sauri, mai gwaji yana duba agogo. Shi ke nan. Yara masu matsalar da ake kira disleksiya sun fi sauran ɗaukar lokaci, ko da basirarsu ba ta gaza ta kowa ba. Har yau ana amfani da irin wannan gwaji a ƙasashe da harsuna da dama. Daga baya Denckla ta yi shekaru tana aiki a Cibiyar Kennedy Krieger da ke Baltimore.

To, mu ba likitoci ba ne, kuma ba mu ce kowane yaro da ya faɗi jarrabawa yana da wannan matsala ba. Akwai malalata, mun san su. Akwai kuma wanda yunwa ce, ko ido, ko rashin tushe daga firamare. Amma bulala ba ta iya bambanta su, kuma wanda ƙwaƙwalwarsa ke jinkirin kamo suna, tsoro ƙara masa jinkirin yake yi.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwanmu malamai, a zango mai zuwa a ƙara wa irin wannan yaro lokaci, a saurari karatunsa shi kaɗai a ofis maimakon a gaban aji, wani lokaci kuma a yi masa tambaya da baki. Ku ɗalibai, ku daina dariya idan ɗan'uwanku ya tsaya cik a tsakiyar jimla. Masu sha'awar aikin likita a cikinku kuma, ku tambayi malamin bayoloji game da wannan fanni kafin ku cike takardar JAMB.