Kada A Yi Wa Rumbun Ajiya Gaggawa

Ina so in yi magana a kan ɗan akwatin nan mai girman tafin hannu da ake haɗawa da kwamfuta ta waya, a zuba masa hotuna da takardu. Ni rumbun ajiya nake ce masa, don aikinsu ɗaya da rumbun gero. A ganina, da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun mutu a Birnin Kebbi da Argungu gaggawarmu ce ta yi ajalinsu.

Gaskiya ne tun da aka fito da kafar USB a 1996, an yi ta ne don a sa abu a cire ba tare da an kashe kwamfuta ba. To, amma wannan bai ba mutum izinin fizge waya duk sa'ad da ya ga dama ba. Cikin rumbun akwai faifai wanda galibi yake juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura mai rubutu a kansa. Kwamfuta kuwa takan riƙe abin da aka ba ta na ɗan lokaci kafin ta gama zuba shi. In aka fizge ana tsakiyar aiki, sai jerin da ke nuna inda kowace takarda take ya rikice. Kaya na nan, amma ba mai sanin inda suke. Wani zai ce ai tun 2018 Windows ta rage wannan riƙo. Haka ne, sai dai ko ita ba ta iya ceton takardar da ake cikin kwafa. Ga alamar cirewa nan a ƙasan allo kusa da agogo, taɓa ta bai kai shan ruwa lokaci ba.

In kuwa an sa rumbu kwamfuta ta yi kamar ba ta gan shi ba, kada a kama bubbuga shi kamar tsohuwar rediyo. A fara da waya, don ita ta fi saurin lalacewa, ƙurar hunturu kuma tana toshe kafa. A gwada wata kafar, musamman ta bayan babbar kwamfuta ko mai shuɗin ciki. Tsohuwar kafa miliyamfa 500 take bayarwa, shuɗiyar kuwa 900, rumbun da bai ƙoshi da wuta ba kuma ba zai juya ba. A kara shi a kunne. In yana ɗan gurnani a hankali, da ransa. In yana ƙas-ƙas ko bayan an sake kafa da waya, a cire a kai wa gwani. Wani lokaci ma harafi kawai Windows ta kasa ba shi, sai a shiga Disk Management a sa masa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sa'ad da kwamfuta ta ce a yi fomat. Na sha ganin masu shagon buga takardu suna amsa mata da "to" don layi ya yi tsawo. Jama'a, fomat share rumbu ne! Ku tuna da mai hoton da ya tsaya bakin Matan Fada a 2020, shekarar da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan hutun wajen shekara goma. In hotunansa suka tafi, wa zai sake tara masa masuntan nan da homa da gora?

Saboda haka ina roƙon malamanmu su ware darasi guda a kan wannan, a kawo rumbu aji kowa ya sa ya cire da hannunsa. Iyaye kuma, takardun haihuwa da sakamakon jarrabawarmu da kuka ajiye a ciki, don Allah a kwafe su a wuri na biyu, ainihin takardun kuma su zauna a ƙasan akwati.