Ƙaramin Goro Ya Fi Babban Dutse: Darasin Nijar A Wasannin Olamfik

Duk lokacin da aka kammala wasannin Olamfik, sai ka ji mahukuntanmu suna alƙawarin kafa kwamiti, daga nan kuma sai shiru, sai bayan shekara huɗu. A gasar Faris ta 2024 Nijeriya ta tura 'yan wasa fiye da 80, amma suka dawo hannu rabbana, kamar yadda aka yi a Landan a 2012. A wannan gasa ta Faris kuwa, tsibirin Sent Lusiya, wanda jama'arsa ba su kai 200,000 ba, ya ɗauki zinare a tseren mita 100 na mata ta hannun Julien Alfred.

To, mai karatu, ba sai mun ƙetare teku ba. Mu dubi maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar. A Munik a 1972, ɗan dambenta Issaka Dabore ya ci tagulla, daidai da abin da Nijeriya ta samu a shekarar, ita ma a damben. A Riyo a 2016, Abdulrazak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a wasan taikwando, alhali mu tagulla ɗaya tak muka samo a ƙwallon ƙafa. Wato Nijar ta sha gabanmu a jadawalin lambobi. A 2017 kuma Alfaga ya zama zakaran duniya.

Wani zai ce ai shekara 44 ce tsakanin lambobin nan biyu, don haka sa'a ce kawai. Gaskiya ne Nijar ba ta da kayan horo na a zo a gani. Shi kansa Alfaga sai da ya tafi Jamus ya samu horo. Amma darasin yana nan: ƙasar da ba ta da yawa ta san darajar ɗan abin da take da shi. Tun 1975 Nijar ke shirya gasar kokawa ta ƙasa, inda zakara ke karɓar takobi, ƙasa baki ɗaya ta san sunansa.

Mu fa? A nan ƙasar Bici, da zarar an kai gero da dawa rumbu, sai fagen dambe da kokawa su cika da samari majiya ƙarfi. A yi kiɗa, a yi kirari, a watse. Babu mai rubuta sunan kowa, babu mai horarwa da zai ce wannan yaro ya dace da damben zamani. Bayan 'yan shekaru sai ka tarar da shi yana dako a birnin Kano. Ba don ƙwallon ƙafa ba, irin su Garba Lawal da Tijjani Babangida a 1996, da wuya a ji ɗuriyarmu a Olamfik.

Kiranmu ga gwamnatin Jihar Kano da ƙananan hukumomi shi ne, a farfaɗo da gasar makarantu, a tura masu horarwa fagen kaka, a ɗauki nauyin yara ƙalilan har su kai gaci. Ku ma 'yan bokonmu, ku daina kallon wasa a matsayin sana'ar wanda ya rasa abin yi. Gasar Los Anjalas ta 2028 na tafe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya sa masu kunne su ji.