Ƙaryar "Dare Ɗaya": Baƙon Makaɗi Ba Daga Sama Yake Faɗowa Ba

Jama'a, akwai wata tatsuniya da 'yan jarida da masu gabatar da shirye-shirye suka ɗaure wa gindi, kuma yau na yi niyyar in kwance mata zani a kasuwa. Tatsuniyar ita ce ta yaron da ba wanda ya san shi jiya, yau ya hau dandamali, gobe duniya ta ɗauka. Dare ɗaya Allah kan yi Bature, in ji su. An fi yin wannan labari a kan makaɗan kilasik, wato kiɗan manya na Turai, irin su Mozart da Beethoven, wanda ake rubutawa a takarda kuma ake koyo a makaranta. Ni kuwa ina ganin labarin zalunci ne, kuma zan faɗi waɗanda ake zalunta.

Bari in fara da yadda sana'ar take, don kada in bar wani a baya. Babbar ƙungiyar makaɗa, wadda ake kira okestra, tana da 'yan gida wajen tamanin zuwa ɗari, masu albashi, suna zaune gari guda. Amma idan za a yi kiɗan da ke buƙatar gwani ɗaya ya tsaya a gaba, da fiyano ko goge, galibi daga waje ake gayyato shi. Shi ne baƙo. Yakan iso, a yi gwaji sau ɗaya ko biyu, ya yi wasa dare biyu ko uku, yawanci da ka ba tare da duba takarda ba, ya karɓi haƙƙinsa ya wuce wani gari. Ana shirya zuwansa tun da shekara biyu ko fi, kuma dillalai ne ke ƙulla cinikin. A ƙofar zaure a miƙa maka ɗan littafin shirin dare, a ciki akwai tarihin baƙon: kyautar da ya ci, manyan zauruka da ya taka, madugan da ya yi aiki da su. Duk gaskiya ne. Matsalar tana cikin abin da aka bari ba a faɗa ba.

Ɗauki Lang Lang, ɗan ƙasar Sin mai kaɗa fiyano. Ga yadda ake ba da labarinsa: a 1999, a bikin Ravinia kusa da Shikago, gwanin da aka gayyata ya kasa zuwa saboda rashin lafiya, aka nemo wani yaro ɗan shekara 17 ya cike gurbi, ya kaɗa aikin Tchaikovsky tare da okestrar Shikago, gari ya waye ya zama tauraro. Daɗin ji kamar almara. To amma mai karatu, tambayi kanka, me ya sa shi aka kira duk yaran duniya? An haife shi a Shenyang a 1982, ya fara fiyano yana ɗan shekara 3. Mahaifinsa makaɗi ne, yana kaɗa wani gogen Sinawa mai tsirkiya biyu. Da yaron ya kai 9, uban ya ajiye aikinsa na ɗan sanda ya tafi da shi Beijing, suka zauna a ɗan ƙanƙanin ɗaki, uwar ta tsaya gida tana aiki tana aiko musu da abin da za su ci. Wata malama a can ta kore shi, ta ce ba shi da baiwa. A littafin tarihinsa na 2008, shi da kansa ya ba da labarin yadda uban ya fusata a lokacin har ya ce masa gara ya kashe kansa. Ya ci gasar yara ta duniya a Jafan a 1995. A 1997 ya shiga makarantar Curtis a Filadelfiya, ƙarƙashin Gary Graffman. Kuma madugun daren Ravinia, Christoph Eschenbach, ya riga ya saurare shi a gwaji kafin a kira shi. Shekara 14 na horo, da gida da aka raba biyu, da yarinta da aka cinye, duka an dunƙule su an kira su "dare ɗaya". Wannan adalci ne?

Abin ban sha'awa, mutumin da Lang Lang ya maye gurbinsa a daren, André Watts, shi ma da irin wannan tatsuniya aka tallata shi. A Janairun 1963 Glenn Gould ya fasa zuwa, Leonard Bernstein ya sa Watts, ɗan shekara 16, ya kaɗa aikin Liszt tare da okestrar Niyok. Sai dai Bernstein ya san shi, don makonni kaɗan kafin nan ya gabatar da shi a shirin talabijin na matasa. Mahaifiyarsa 'yar Hangari ita ta fara koya masa fiyano, kuma tun yana ɗan shekara 9 ya yi wasa da okestrar Filadelfiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ka ga an kira shi da tsakar dare ya zo ya cece wasa, to sunansa ya daɗe a aljihun wani babba.

Sai batun kuɗi, wanda ɗan littafin nan ke jin kunyar ambata. A 2011 an sayar da wani goge da Stradivari ya ƙera a 1721, wanda ake kira "Lady Blunt", a kan fam miliyan 9.8. Wane makaɗi ne zai sayi wannan da guminsa? Shi ya sa da yawa daga manyan baƙin da aro suke kiɗa. Gidauniyoyi da bankuna da attajirai ne ke mallakar kayan, su ba wanda suka ga dama. Yo-Yo Ma, gwanin babban gogen da ake kira celo, ya yi shekaru yana kaɗa wani Stradivari na 1712 wanda a da yake hannun Jacqueline du Pré, kuma aro ne. Shi kansa Ma ɗin ɗan gado ne: uba malamin kiɗa, uwa mawaƙiya, ya fara celo yana da shekara 4, a 1962 yana da 7 ya yi wasa a gaban Shugaba Kennedy. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ban ce bai cancanta ba, gwani ne na gaske. Cewa na yi a faɗi daga inda ya taso.

Na san wani zai ce, "To ai ga Sheku Kanneh-Mason, baƙar fata, ɗan makarantar gwamnati a Nottingham, ya yi nasara." Haka ne. A 2016 ya zama baƙar fata na farko da ya ci gasar matasan makaɗa ta BBC tun da aka fara ta a 1978, a 2018 kuma ya yi wasa a ɗaurin auren Yarima Harry, miliyoyi suka kalla. Amma labarinsa hujjata ce, ba tasu ba. Mahaifiyarsa Kadiatu, haifaffiyar Saliyo, malamar adabi ce a Jami'ar Birmingham, ta bar aikin don ta riƙe 'ya'ya bakwai da dukansu ke koyon kiɗa. Ta rubuta littafi a 2020 ta bayyana yadda kuɗin gidan ke ƙarewa a darasi da kayan kiɗa da tikitin jirgin ƙasa, da yadda suke tashi tun kafin asuba kowace Asabar su tafi Landan makarantar Royal Academy. Celon da ya shahara da shi ma aro ne. Idan ka ce "baiwa ce kawai", ka share wannan mata daga tarihin ɗanta. Ita ce ta farko cikin waɗanda ake zalunta, ita da duk iyaye da malaman da ba a tafa musu.

Na biyu su ne waɗanda suke da baiwar, aka rufe musu ƙofa. Marian Anderson ta je neman shiga wata makarantar kiɗa a Filadelfiya aka ce ba a ɗaukar baƙaƙe. 'Yan cocinsu ne suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin malami. Sai da ta ƙetara Turai aka san darajarta, har Toscanini ya ji ta a Salzburg a 1935 ya ce irin muryarta sau ɗaya ake ji a shekara ɗari. Duk da haka a 1939 aka hana ta zauren Constitution a Washington saboda launin fata, ta yi waƙa a fili gaban mutum 75,000. Gidan waƙa na Metropolitan da ke Niyok bai gayyace ta ba sai 1955, tana da shekara 57, ƙuruciyar muryarta ta wuce. Nina Simone kuwa burinta shi ne ta zama mai kaɗa fiyano na kilasik. Curtis ta ƙi ɗaukarta a 1951, kuma har ta mutu tana da yaƙinin launinta ne sanadi. Makarantar ta ba ta digirin girmamawa a 2003, kwanaki kaɗan kafin rasuwarta. Okestrar Biyana, wadda duniya ke ji da ita, ba ta yarda mace ta zama cikakkiyar 'yar ƙungiya ba sai 1997. To idan baiwa ita kaɗai ke kai mutum dandamali, ma'anarsa ke nan duk waɗanda ba su kai ba ba su da ita. Ka ga an hana mutum shiga, sannan an juyo an ce laifinsa ne.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ban musanta baiwa ba. Yara dubu za su zauna gaban malami ɗaya, guda ne zai fita zakka. Masu jayayya kan kawo Sviatoslav Richter, su ce ai shi ya koya wa kansa. Eh, ya daɗe ba ya bin tsarin makaranta. Amma ubansa makaɗin fiyano ne kuma malami, shi kuma ya yi aikin raka mawaƙa a gidan waƙa na Odesa, sannan a 1937 ya je Mosko ya zauna gaban Heinrich Neuhaus. Baiwa iri ce. Wanda ya watsa iri a kan dutse ya koma gida yana jiran kaka, shi ya jiyo.

Wanda har yanzu yake ganin ƙwarewa na sayar da kanta, ya tuna abin da ya faru a Washington a Janairun 2007. Jaridar Washington Post ta sa Joshua Bell, ɗaya daga manyan masu goge na duniya, ya tsaya a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da hular hana-salla, ya kaɗa Stradivari na 1713 kusan minti 45. Mutum 1,097 suka wuce, bakwai kacal suka tsaya, abin da aka jefa masa ya kai dala 32 da 'yan kai. Hannunsa bai canza ba, gogensa bai canza ba. Abin da aka cire shi ne zauren, da gayyatar, da ɗan littafin da ke gaya maka cewa wannan babba ne. Ashe mai gayyata yana da hannu wajen ƙera gwani, kuma dole a riƙa tambayarsa wa yake kira, wa yake tsallakewa.

Wasu za su ce, "Malam, bar mutane da labarinsu mai daɗi, yana ƙarfafa wa yara gwiwa." Ni ban ga ƙarfafawar ba. Yaron da aka gaya wa dare ɗaya ne, idan ya yi shekara uku bai ga komai ba sai ya ajiye, yana zaton ba a yi shi don abin ba. Gwamnatin da aka gaya wa baiwa na fitar da kanta kuwa ta samu dalilin rufe ajin kiɗa a makaranta. A Benezuwela, José Antonio Abreu ya kafa shirin koyar da yara kiɗa kyauta a 1975, da kuɗin gwamnati. An soki shirin ta fuskoki da dama, amma daga cikinsa Gustavo Dudamel ya fito ya zama madugun okestrar Los Angeles a 2009. A Ingila, Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, ba ta zauna jiran dare ɗaya ba. A 2015 ta kafa okestrar Chineke! don makaɗa baƙaƙe da sauran tsiraru su samu inda za a gan su, kuma Sheku ya yi wasa a cikinta kafin duniya ta san shi.

Abin mamaki, mu nan Afirka ta Yamma mun fi kowa sanin wannan gaskiya. Lokacin da marigayi Toumani Diabaté na Mali ya zauna a matsayin baƙo gaban okestrar Landan a 2008 da molonsa na kora, ba wanda ya isa ya ba da tarihinsa bai ambaci mahaifinsa Sidiki da zuriyar gidansu ba. Makaɗin fada a ƙasar Hausa ma an san ya yi shekaru yana ɗaukar kaya, yana amshi, kafin a ba shi baki. Me zai sa idan maganar Turai ta zo mu haɗiye tatsuniyar da ba za mu yarda a yi mana a gida ba?

Roƙona ga duk mai alƙalami da zai rubuta tarihin wani gwani shi ne ya yi tambayoyin da ke da ɗaci. Wa ya koya masa? Wa ya biya? Kayan da ke hannunsa na wane ne? Wa ya fara kai sunansa gaban manya? Su wa suka taso tare da shi aka bar su a bakin ƙofa? Idan an amsa waɗannan, darajar gwanin ba za ta ragu ba, sai dai a san nauyin abin da ya ɗauko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, fili a buɗe yake, amma ya zo da suna da shekara kamar yadda na zo da nawa.