RAGON SUNA DA AWON SUKARI, WANNE YA FI TSADA?

Jama'ar Birnin Gwari, 'yan kasuwa da manoma, maza da mata! Ku ba ni aron kunnuwanku in gaya muku abin da ya faru a gidanmu, gama abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A damanar 2023 matar ƙanena, wadda ke zaune a wani ƙauye bakin daji, ta ɗauki ciki na huɗu. Da ya shiga wata bakwai sai ga ƙishirwa ba iyaka, ga fitsari dare da rana, cikin kuwa ya yi girman da tsofaffi suka ce lalle tagwaye ne. Sau uku tana zuwa awo a ƙaramin asibitin da ke kusa da su. Aka auna nauyinta, aka shafa cikin, aka ba ta jar ƙwaya ta ƙarin jini, aka ce ta komo wata mai zuwa. Ba wanda ya ɗiga jininta a na'urar awon sukari ko sau ɗaya. Na'urar tana nan cikin akwati, amma 'yan tsinkayen da ake sa mata sun ƙare tun tuni. Naƙuda ta zo da dare, kuma kowa ya san a shekarar nan ba direban da zai tada mota bayan magariba saboda 'yan bindiga. Kan yaro ya fito, kafaɗa ta maƙale. Kafin a isa gari da hantsi yaron ya koma. Nauyinsa kilo huɗu da rabi. A ran nan ne wani likita ya auna jininta, ya ce da ƙanena, "Matarka tana da ciwon sukari na masu ciki. Da an gane tun wata shida da ba a kai ga haka ba."

Mun ce ƙaddara, kuma ƙaddara gaskiya ce. Amma wanda ya bar akwatin nan ba tsinke, shi ma zai amsa tambaya.

To, mene ne wannan ciwo? Jikin mutum yana yin wani sinadari da likitoci ke kira insulin, shi ne ke kwashe sukari daga jini ya kai shi inda za a yi aiki da shi. In mace tana da ciki, mabiyiya takan fid da waɗansu sinadarai masu rage wa insulin ƙarfi, musamman daga wata na shida. Yawancin mata jikinsu yakan ƙara yawan insulin ya rinjaya. Waɗansu kuwa ba ya iyawa, sai sukari ya taru a jini, ya ƙetara zuwa ga ɗan da ke ciki, shi kuwa ya yi ta ƙiba har ya fi ƙarfin ƙugun uwarsa. Daga nan ake samun doguwar naƙuda, da karyewar kafaɗar jariri, da yoyon fitsari, da mutuwar ɗa a ciki. Hawan jini da jijjiga ma sun fi kama mai wannan ciwo. Abin tsoro shi ne yawancin masu shi ba sa jin kome. Matar ƙanena ta ji ƙishirwa, wata ko wannan ba za ta ji ba. Awon jini kaɗai ke tona shi.

Kada wani ya ce ciwon masu kuɗi ne. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa wajen haihuwa ɗaya cikin shida a duniya uwar tana da sukari fiye da kima a lokacin ciki, kuma mafi yawansu a ƙasashen talakawa irin tamu suke. Wadda ta haura shekara 30, da mai ƙiba, da wadda iyayenta ke da ciwon sukari, da wadda ta taɓa haifar ƙaton jariri ko ta haifi ba rai, su ne a gaba.

Awon kansa ba wani aikin a zo a gani ba ne. Tsakanin mako na 24 da na 28 mace ta zo da safe ba ta karya ba, a ɗauki jininta, a ba ta giram 75 na sukarin asibiti a narke cikin ruwa ta sha, a sake ɗauka bayan sa'a ɗaya da bayan sa'a biyu. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke iyaka: in na fari ya kai 92, ko na biyu 180, ko na uku 153, to akwai ciwon. Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin lissafi. Ku ɗora kuɗin wannan awo a sikeli ɗaya, ku ɗora kuɗin ragon suna a ɗayan, ku ga wanda zai rinjaya. Mutum ya tanadi rago tun ciki na wata biyar, amma a ce masa ya kai matarsa awo sai ya ce babu hali!

Yanzu bari in juya kan mahukunta. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ɗauki alkawarin ba kiwon lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. A gidanmu aka yi alkawarin, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. A 2014 aka sa hannu kan dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a keɓe aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci. In kuɗin suna zuwa, ina suke tsayawa kafin su zama tsinken awo a Randagi da Kuyello da Dogon Dawa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da rubu'in na duniya duka. Matan manya ba sa cikin wannan lissafi. Su ana auna su a Kaduna da Abuja, waɗansu har Ingila, a rubuta musu abin da za su ci safe da yamma. Ashe jinin matar talaka ruwa ne?

A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Muhammad Ali Pate, ya yi shelar fiɗa kyauta ga matan talakawa da haihuwa ta gagara. Madalla. Amma fiɗa ƙarshen hanya ce, sai wadda ta iso da rai ake yi wa. A cikin watan nan kuma Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari a kan maganar sulhu, aka buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Mun gode Allah, mun ga manyan motoci suna lodi. To, saniya ta sami hanyar zuwa Kudu. Mai cikin da ke zaune gefen dajin Kamuku, wadda tsakaninta da Kaduna ya fi kilomita 100, ita wace hanya aka buɗe mata?

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu maza muna da namu laifin, kuma a nan ne labarin gidanmu ya sake. A 2025 matar ƙanena ta sake samun ciki. Wannan karon aka auna ta tun da wuri, aka ga ciwon ya komo, kamar yadda yakan yi. Ƙanena ya sayar da masara ya sayi na'urar kansa. Likita ya ce da safe kafin karyawa kada ta wuce 95, bayan cin abinci da sa'a biyu kada ta wuce 120. Ni na zana musu layi a littafin makaranta, ana rubuta lambar kowane awo.

Yaƙin gaskiya a bakin murhu aka yi shi. Tsohuwarmu ta ce ita ta haifi tara ba ta taɓa jin an hana mai ciki kunu da sukari ba, kuma mai ciki cin mutum biyu take yi. Sai da aka auna yarinyar a gabanta bayan kofin kunun zaƙi da burodi, ta ga yadda lamba ta tashi, sa'an nan ta yi shiru. Daga ran nan ita ta karɓi tukunya. Aka daina lemon kwalba da shayi mai sukari da alewa. Aka rage malmalar tuwo, aka yawaita miyar kuka da zogale da alayyafo, da wake da ƙwai da gyaɗa da kifi in ya samu, da nono ba sukari. Maimakon ci biyu mai nauyi sai ta ci kaɗan kaɗan sau biyar ko shida, gama zama da yunwa ma haɗari ne. Bayan kowane ci ta zaga tsakar gida na 'yan mintoci. Gidan duka kuwa abinci ɗaya ake ci, domin ba adalci ba ne a sa mata ganye a gaba maigida yana shan fura da sukari a gefenta.

Da abinci ya kasa riƙe lambar a wata na takwas, likita ya sa ta kan allurar insulin. Babu wutar firiji, sai muka riƙa ajiye kwalbar a tulun ƙasa mai sanyi a inuwa. Wata guda kafin lokaci muka ɗauko ta zuwa gidana a cikin gari, kada naƙuda ta sake samun ta a bakin daji. Ta haihu a asibiti, 'ya mace, aka sa ta a nono nan take domin jariran masu wannan ciwo sukarinsu yakan faɗi bayan haihuwa. Kunun kanwa na jego ma ba a cika masa sukari ba. Bayan arba'in aka sake auna ta, kuma za a riƙa aunawa, gama wajen rabin matan da suka yi wannan ciwo sukan kamu da ciwon sukari na dindindin daga baya.

Mu mun iya saboda muna da masarar sayarwa da ɗan'uwa a gari. Wanda aka kore daga gonarsa fa?

Saboda haka ga abin da muke nema. Na fari, a sa na'ura da tsinkaye a kowane ƙaramin asibiti na wannan ƙaramar hukuma, a auna kowace mai ciki kyauta. Na biyu, a liƙa takardar kuɗin da ya shigo kowane asibiti a bakin ƙofa, kowa ya karanta. Na uku, a tanadi masauki kusa da babban asibiti domin matan ƙauye su jira haihuwa. Na huɗu naku ne, 'yan kasuwa: ku da kuke adashi domin biki, ku yi na awon matanku. Duk kansila ko ɗan majalisa da ya zo rumfarku, ku tambaye shi tsinke nawa ke cikin akwatin asibitin mazaɓarsa. In ya kasa amsawa, kun san abin yi.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.

Naku,
Magatakardan Reshe, Birnin Gwari.